Zawon da ya ƙi jin kafso

Duk wanda ya bi gaɓar Komadugu da hunturu ya san launin wurin. Ko ka fita daga Diffa ka nufi Geskeru, ko ka yi yamma wajen Shetimari, ƙasa ja wur take da tattasai da aka baza yana shan rana, injinan ban ruwa na ta ƙugi, yara na korar awaki daga shanya. A irin wannan lokaci ne, shekarun baya, na tarar da wani ɗan kawuna jingine da itace a bakin gonarsa, ƴan ƙwadago na tsinka masa abin da ya saba tsinka da hannunsa. Saurayi ne da bai kai shekara 30 ba, wanda a da shi kaɗai yake saɓa buhu. Ranar nan agogonsa yawo yake yi a tsintsiyar hannu. Kafin mu sha shayi na biyu ya tashi ya zagaya har sau biyu.

"Yaya, jini ne da majina," ya ce da ni, murya ƙasa-ƙasa. "Sau takwas, sau goma a yini. Da dare ma ba ya barina in runtsa."

A gida kowa da sunan da ya ba ciwon. Inna ta ce basir ne ya ci ƙarfinsa. Maƙwabci ya ce atini ne. Abokan noma suka ce ai tattasai ne ya cinye masa hanji, mutum yana kwana cikinsa yana tashi cikinsa. Akwai ma wanda ya ja ni gefe ya ce a nemi tsari, don gonar ta yi albarka da yawa a shekarar. Shi kuwa duk ranar kasuwa sai ya tsaya wurin mai tallar magani, a ƙirgo masa kafso mai ja da rawaya, a haɗa da Filajil, a ƙulle a leda. Ya sha kwana biyu ko uku, cikin ya ɗan lafa, ya ajiye. Bayan mako biyu abu ya dawo sabo.

Sai da aka ci kusan shekara biyu a haka. An taɓa gwada bayan gidansa aka ga amiba, aka ba shi magani cikakke, amibar ta tafi, jinin bai tsaya ba. Daga ƙarshe dangi suka haɗa kuɗi aka kai shi Damagaram, daga can aka tura shi Yamai, tafiyar fiye da kilomita 1,300 daga gida ga mutumin da ba ya iya awa biyu bai nemi makewayi ba. A can aka zura masa siririyar na'ura mai kyamara aka leƙa babban hanjinsa, aka ɗebi ɗan tsoka aka duba. Likitan ya ce ba tsutsa ba ce, ba amiba ba ce, ba basir ba ne. Garkuwar jikinsa ce ta juya tana yaƙar bangon hanjinsa.

Ciwon da ke fakewa cikin wasu

Likitoci na haɗa cututtuka biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, ciwon kumburin hanji mai naci. Na farko shi ne wanda ya kama ɗan kawuna, mai sa babban hanji ya yi ja ya yi gyambo tun daga dubura zuwa sama. Wani likitan Landan, Samuel Wilks, ya bayyana shi a 1859. Na biyu shi ne ciwon Crohn, wanda ya ci sunan Burrill Crohn, likitan da shi da abokan aikinsa biyu suka siffanta shi a asibitin Mount Sinai na New York a 1932. Shi wannan yana iya kama ko'ina daga baki har dubura, ya fi son ƙarshen ƙaramin hanji, yana cin bangon har ciki, wani lokaci ya tsuke hanya ko ya huda ta. Duka biyun sun fi kama matasa, suna lafawa su tashi, kuma magani na kwantar da su ne kawai. An ƙiyasta masu fama da su a duniya sun kai miliyan 6.8 a 2017, mafi yawa a Turai da Amurka ta Arewa, inda a wasu ƙasashe mutum 3 cikin 1,000 ko fiye ke ɗauke da ciwon.

An daɗe ana cewa ciwon Turawa ne. Haka aka ce a Sin da Indiya da Brazil ma, sai ga shi yana ƙaruwa a can tun da birane suka bunƙasa, cima ta sauya. A ƙasashenmu na kudu da Sahara rahotannin da likitoci ke bugawa kaɗan ne, amma suna ƙaruwa. Ni dai ina ganin wani kaso na wannan ƙaranci na na'ura ne da masu duba tsoka. A kwarin Komadugu, zawon jini yana da iyayen gida da yawa: amiba, ƙwayar Shigella, tsutsar tsargiya mai kama hanji, har da tarin fuka, wanda idan ya sauka a hanji kamanninsa da ciwon Crohn kan rikita ƙwararru. Ma'aikacin lafiya da ya fara zargin waɗannan ya yi daidai, don su suka fi yawa. Kuma kuskure a nan yana da tsada: maganin sitiroyid da ke kwantar da kumburin hanji, idan aka ba mai amiba ko mai tarin fukan hanji, yana iya hallaka shi. Abin da ya kamata ya tsayar da hankali shi ne zawon jini da ya wuce makonni, aka yi masa magani yadda ya dace, ya ƙi tafiya, mutum na ramewa, jininsa na ƙarewa.

Mai gadin da iska ke kashewa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da likitan ya yi wa ɗan kawuna da zai sallame shi: "Malam, ka daina shan kafso ba bisa ƙa'ida ba. Kana kashe masu taimakonka." Na ɗauki lokaci ina bin diddigin su wane ne waɗannan masu taimako.

A cikin babban mutum akwai ƙwayoyin bakteriya kimanin tiriliyan 38, bisa lissafin da masana a Isra'ila suka fitar a 2016, kusan dukkansu a babban hanji. Idan aka tara su ba su wuce nauyin giram 200 ba. Cikinsu akwai wata da ke cikin mafiya yawa, har takan kai kashi 5 cikin 100 ko fiye a hanjin mai lafiya. Sunanta *Faecalibacterium prausnitzii*. Rabin sunan na farko yana nufin ƙwayar da ke cikin bayan gida, na biyu kuma girmamawa ce ga Carl Prausnitz, wani masanin ƙwayoyin cuta Bajamushe. Sunan da take amsawa yanzu, Sylvia Duncan da abokan aikinta na cibiyar Rowett da ke Aberdeen a Sikotlan ne suka raɗa mata a 2002, bayan an daɗe ana lissafa ta cikin wani dangi daban.

Duk da yawanta, an jima ba a san ta sosai ba, saboda iskar da muke shaƙa guba ce a gare ta. Mintuna kaɗan a sarari sun isa su kashe ta. Mai son rainonta sai ya yi aiki cikin rufaffen akwati da aka zuƙe wa oksijin, hannuwansa cikin dogayen safar roba.

Labarinta ya fito fili a 2008. Harry Sokol, likitan hanji a asibitin Saint-Antoine na Faris, tare da Philippe Langella na cibiyar binciken noma ta Faransa da sauran abokan aiki, sun bibiyi masu ciwon Crohn da aka yanke wa ɓangaren hanjin da ya lalace. Suka lura cewa waɗanda ke da ƙarancin wannan ƙwaya a bangon hanjinsu ranar tiyata, su ne ciwon ya fi dawo wa bayan wata 6. Sai suka gwada a kan ɓeraye da aka sa wa kumburin hanji: aka ɗura wa wasu ƙwayar, wasu kuma ruwan da aka raine ta ciki kawai. Duka biyun kumburin ya ragu. Ma'ana akwai abin da take fitarwa mai sanyaya garkuwar jiki. A 2014 masana a Leuven ta Beljiyam suka sami irin wannan ƙaranci a masu gyambon babban hanji, ciwon ɗan kawuna. A 2016 kuma ayarin Faransa ya gano wani furotin da take sakewa, mai toshe ɗaya daga hanyoyin da jiki ke kunna wutar kumburi.

Aikinta da ya fi burge ni shi ne na ciyarwa. Akwai wani ɓangare na abincin tsiro da cikinmu ba ya iya narkarwa: dusar hatsi, ɓawon wake, zaren ganye, yauƙin kuɓewa. Shi ake kira faiba. Haka yake gangarawa har babban hanji, inda ƙwayoyi ke rabon aiki a kansa kamar masu gayya. Wasu su farfasa, wasu su fitar da wani ruwan tsami, ita kuma ta karɓa ta mai da shi wani sinadari mai suna butirat. Wannan butirat shi ne babban abincin ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe bangon babban hanji. Da shi suke samun ƙarfin riƙe juna gam don kada ƙazanta ta tsallaka cikin jini, kuma yana taimakawa wajen samar da wasu sojojin garkuwa masu ce wa sauran su dakata.

Akwai wani abin kuma. Wajen ƙona butirat, bangon hanji yana shanye oksijin da jini ya kawo, sai cikin hanjin ya zauna babu iska, daidai yadda ita ƙwayar ke so. Ita ta ciyar da bango, bango ya kare ta. Ayarin Andreas Bäumler a Jami'ar Kaliforniya da ke Davis ya nuna a 2017, a kan ɓeraye, abin da ke biyo baya idan maganin kashe ƙwayoyi ya share masu yin butirat: bango ya rasa abincinsa, oksijin ya fara yoyo cikin hanji, sai dangin *E. coli* da *Salmonella*, waɗanda iska ba ta dame su ba, su samu fili su yaɗu. Da na karanta wannan sai na tuna ledar kafson nan.

Dole a faɗi gaskiya a nan. Masana na ci gaba da muhawara kan wanne ya riga wanne: ƙarancin ƙwayar ne ke buɗe wa kumburi ƙofa, ko kumburin ne ke kashe ta? Alamu sun nuna kowanne na ƙara wa ɗaya. Gado ma na da nasa kaso, haka sigari, wadda ke tsananta ciwon Crohn. Wani kamfanin Faransa, Exeliom, yana gwada ƙwayar a matsayin magani ga masu Crohn, amma gwaji ne har yanzu. Duk wanda ya zo maka da kwalba a kasuwa ya ce ita ce a ciki, ka riƙe kuɗinka. Tattasai kuwa, yaji na iya tsananta raɗaɗi ga hanjin da ya riga ya yi rauni, amma ba shi ke haddasa ciwon ba.

Turmin Inna

A 2010 wasu masana daga Florence ta Italiya, Carlotta De Filippo da abokanta, suka kwatanta bayan gidan yara 14 na ƙauyen Bulpon a Burkina Faso da na yara 15 na birninsu. Yaran ƙauyen gero da dawa da wake da ganye suke ci, wato kwanon da duk ɗan Sahel ya sani. Aka tarar hanjinsu ya fi wadatar ire-iren ƙwayoyi, cike da masu narkar da faiba irin su *Prevotella*, sinadarai dangin butirat sun fi yawa, dangin Shigella kuma sun fi ƙaranci. A 2015 Stephen O'Keefe na Jami'ar Pittsburgh ya yi musayar cima ta mako biyu tsakanin baƙaƙen fatar Amurka 20 da mutanen karkarar KwaZulu-Natal 20 a Afirka ta Kudu. Amurkawan da suka koma cin masara da wake da ganye, butirat ɗinsu ya ninka fiye da sau biyu, alamun kumburi suka ragu. Ƴan karkarar da aka ba soye-soye da nama mai kitse, nasu ya yi ƙasa. Mako biyu kacal.

Ina tuna Inna a tsakar gida da hantsi, ta jiƙa gero tana surfe, ta sheƙe dusar ta kai wa tumaki. Ko bayan surfen, faibar da ke saura a tsabar gero ta fi ta farar shinkafar kanti nesa ba kusa ba. Da rana fura da kindirmo. Da dare burabusko ko tuwo, da miyar kuka ko karkashi ko busasshiyar kuɓewa, an jefa bandar kifin Tafkin Cadi. Da damina tafasa da rama da zogale, a kwaɗa da ƙuli. Mu yara kuma aljihunmu ba ya rabuwa da goriba da magarya da aduwa. Ba wanda ya taɓa ce mana muna ciyar da wasu halittu a cikinmu. Albasa da tafarnuwa da ake nomawa a fadamun nan na ɗauke da irin faibar da aka nuna tana ƙara yawan *Faecalibacterium*, garin kuka da kuɓewa kuma na da pektin, wanda take iya ci.

Sai ga 6 ga Fabrairun 2015, ranar da Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa. A watan Mayun shekarar aka kwashe mutanen tsibiran Tafkin Cadi. Bayan harin Bosso na Yunin 2016, dubban iyalai suka zube a gefen babbar hanyar ƙasa, a Kinjandi da sauran zango-zango. Fiye da mutum 200,000 suka rabu da gidajensu a jahar Diffa. An hana cinikin kifi da na tattasai na tsawon lokaci, gonakin bakin kogi da yawa suka gagari masu su. Matar da ta saba fita bayan gida ta tsinko ganyen miya ta koma jiran abin da aka auna mata. A cikin gari kuma, ko babu gudun hijira, taliya da makaroni da burodi da lemon kwalba suna ture gero, don sun fi saurin dahuwa, itacen girki ya yi tsada, daka kuma akwai wuya. Ba na ganin laifin uwar da ta zaɓi abin da zai dahu cikin minti goma. Ina dai cewa abin da aka auna a Bulpon da KwaZulu ya isa ya sa mu damu da abin da wannan sauyi ke yi wa hanjin ƴaƴanmu.

Kada kuma wani ya fahimci cewa ƙazanta lafiya ce. A Afrilun 2017 hukumomin Nijar suka bayyana ɓarkewar ciwon hanta nau'in E a jahar Diffa, shawarar da gurɓataccen ruwa ke yaɗawa, kuma mata masu ciki ne suka fi mutuwa. Ruwa mai tsabta da makewayi da wanke hannu ba sa rage masu gadin hanji. Abincinsu suke nema, ba dauɗa ba.

Tamowa, da tsaka mai wuya

Jariri ba ya zuwa duniya da yawan wannan ƙwaya mai gadin hanji. Tana fara bayyana ne bayan wata shida, lokacin da aka soma ba shi kunu, ta ƙaru a shekara ta biyu, wajen yaye. Da ayarin Jeffrey Gordon na Jami'ar Washington da ke St. Louis da masu bincike na Dhaka suka bibiyi yaran Bangladesh, sun buga a 2014 cewa ana iya gane shekarun yaro daga ƙwayoyin hanjinsa, kuma *Faecalibacterium* na kan gaba a cikin alamomin. Yaran da tamowa ta kama, hanjinsu ya tsaya a na jarirai, kuma ko bayan an ciyar da su sun yi ƙiba bai gama kamo tsaransa ba. Daga nan suka haɗa wani abinci na musamman da gyaɗa, waken suya, wani nau'in wake da ɗanyar ayaba, don ciyar da ƙwayoyin. Sakamakon 2021 ya nuna yaran da suka ci shi sun fi saurin ƙara nauyi a kan waɗanda suka ci abincin taimako na yau da kullum, duk da cewa nasu ya fi ƙarancin kuzari.

Mu ma muna da hannu a wannan ilimi. Maryam Tidjani Alou, ƴar Nijar da ta yi bincikenta a Marseille, tana cikin waɗanda suka duba hanjin yaran Nijar da Senegal masu tsananin tamowa. Abin da suka buga a 2016 da 2017 ya nuna yaran sun rasa ɗimbin ƙwayoyin nan da ba sa jure iska, masu jure ta kuma sun yi yawa. Hoton ya yi kama da wanda ake gani a hanjin mai kumburi. Ga jahar da cibiyoyin kula da tamowa ke cika duk shekara tsakanin shuka da girbi, wannan ya fi kusa da mu a kan ciwon Crohn kansa.

Batun maganin kashe ƙwayoyi shi ne inda na fi jin nauyin alƙalami, don ba shi da amsa guda. A jahar Doso aka gudanar da wani ɓangare na babban gwajin MORDOR, inda ake ba yara ƴan ƙasa da shekara 5 azitiromaisin sau biyu a shekara. Sakamakon 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100 a Nijar. Gwajin AVENIR a Doso da Tawa ya sake samun ragin kashi 14 a 2024. Waɗannan rayuka ne, kuma babu mai hankalin da zai raina su. Amma masu binciken da kansu sun nuna cewa ƙwayoyin da ba sa jin maganin sun ƙaru a hanjin yaran. A Madarumfa ta jahar Maraɗi kuma, gwajin da Sheila Isanaka da cibiyar Epicentre suka yi a kan yara fiye da 2,000 masu tamowa marar rikici, wanda aka buga a 2016, bai ga amoksisilin ya ƙara yawan masu warkewa daga tamowar ba. Can a Denmak, inda ake rubuta kowane magani da aka ba kowane ɗan ƙasa, bibiyar mutum fiye da miliyan 6 ta nuna a 2023 cewa yawan shan waɗannan magunguna na tafiya tare da ƙarin haɗarin kumburin hanji, musamman ga waɗanda suka haura 40.

Abin da na ɗauka daga duk wannan: maganin da likita ya auna, aka sha don ciwon da ya san sunansa, ya cancanci ɓarnar da zai yi wa hanji. Wanda aka ƙirgo a tire don ciwon kai ko mura ko kasala, a sha kwana biyu a ajiye, ɓarnar kawai yake bari. Filajil ma, da muke sha kamar gyaɗa duk lokacin da ciki ya murɗa, ƙwayoyin da ba sa son iska ne musamman yake kashewa, kuma mai gadin nan na cikinsu.

Ɗan kawuna yana nan. Yana shan mesalazin kullum, maganin da sai an aika Yamai ko Kano ake samo masa, kuma kuɗinsa na wata kan cinye ribar buhunan tattasai da dama. Sau biyu ciwon ya tashi tun daga lokacin, duka biyun bayan maganin ya yanke. Idan ya tashi, likita ya ce ya sassauta wa ganye da wake, ya koma kunu mai laushi har jinin ya tsaya, sannan ya dawo da su sannu a hankali. Ya koma gona. Da na je hunturun da ya wuce na same shi tsugune yana gyara bututun injin, laka har gwiwa, ƙaramin ɗansa na zaune kan buhu yana gwaguyar goriba. Matarsa ta aiko da kwanon burabusko da miyar karkashi, ya wanke hannu ya ce, "Yaya, bismilla." Muka ci, muka sha shayi har na uku, bai tashi ba.